Kafin Ka Kai Injin Juyi Wurin Mai Walda

Jawabin da aka gabatar ga matasanmu masu sana'ar katako a Tunga, Minna

 

Tun da Minna ta zama hedikwatar Jihar Neja a 1976, kafintan Tunga bai rasa mai sayen ƙafar tebur da ta kujera ba. To amma yau ba a kan wannan aka ce in yi magana ba. An ce in taɓa batun ƙaramin injin juyi, wanda wasunku suka saya don sassaƙa biro na katako, irin wanda ake ba manya kyauta ranar ritaya ko walima. Kukan da nake ji ɗaya ne: an gama aiki, an zo haɗawa, sai a ga katako ya yi tudu a gefe guda, ɗaya gefen kuma ya nutse ƙasa da bakin ƙarfe. Sai yaro ya ce inji ya karkace.

Ku fara gane abin da ya sa biro ba ya yafiya. Ƙafar tebur, in ta kauce da kaurin farce, ba mai gani. Biro kuwa, katakon da ke saura a kan bututun tagullar nan na milimita 7, a wajen baki, bai cika kai milimita 1 ba. Ɗan kuskure kaɗan, yatsan mai saye zai ji shi tun kafin idonsa ya gani. In mutum ya ba ka aikin guda 50, ka ɓata 20, ribarka ta tafi, kuma ba zai dawo ba.

Abin da nake roƙonku shi ne, kada wanda ya ɗauki magagari ko ya kira mai walda sai ya bi inji daki-daki. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Ku fara da datti. Ramin nan da ake cusa tsini a ciki, a kan inji da kuma a wutsiyarsa, ba miƙaƙƙe ba ne, yana tsukewa a hankali. Wani Ba'amurke, Stephen Morse, shi ya fito da wannan tsari a 1864, kuma ƙananan injuna lamba 1 ko lamba 2 suke ɗauka. Ƙarfe da ƙarfe ne suke kama juna, ba noti. To, ɓarɓashin katako guda ɗaya in ya maƙale a ciki, tsini ya zauna a gicciye kenan, kuma can ƙarshen sanda karkatar ta ninka. Mu da ke aiki a bakin titi cikin ƙurar hunturu, wannan ciwonmu ne na kullum. Tsumma da ɗan kananzir, a goge, a bari ya bushe. Kada a sa maiko.

Bayan nan sai a gwada tsini da tsini. Kashe inji, ka jawo wutsiya har tsinin biyu su kusa sumbatar juna, sannan ka ɗaure ta. Na ce ka ɗaure ta, domin in ba a ɗaure ba tana da wasa a kan gado, gwajin banza ka yi. Sa reza tsakaninsu ka matsa a hankali. In ta tsaya cak, lafiya lau. In ta kwanta gefe, akwai magana. Amma tukuna! Kwance notin da suka riƙe inji a kan benci, ka sake gwadawa. Na ga inji sabo fil da aka ɗaure a kan bencin da ya bankare, gadon ƙarfen ya murɗe ya bi bencin. Da aka kwance aka cusa ɗan abu ƙarƙashin ƙafa ɗaya, tsini suka haɗu.

Yanzu ga babban mai laifi, wato sandar ƙarfen da ake zura katako a jikinta. Siririya ce, ba ta kai kaurin fensir ba. Ku kuma kun saba da ƙafar gado, hannunku ya saba da matsewa. Sai ka murɗa wutsiya iya ƙarfinka, sanda ta gantsare kamar baka, kai ba ka gani. Tsinin wutsiya tallafi kawai ake so ya yi: ya taɓa, ya soma juyawa tare da sanda, shi ke nan. Notin bakin sanda ma da yatsu ake ɗaure shi, ba da filaya ba. In kana shakkar sandar, cire ta ka gangara ta a kan gilashi. Mai lanƙwasa za ta riƙa ɗingishi, ka ga haske yana shiga ƙarƙashinta. Kada ka ɓata lokaci wajen miƙe ta da guduma, sake wata. Ko kuma ka riƙa sassaƙa rabin biro ɗaya-ɗaya, a gajarce sandar, domin gajeriyar sanda ba ta cika lanƙwasa ba.

Shi kansa katakon yana da nasa. In ba a daidaita bakinsa da bututun ba, da ka ɗaure noti zai tura komai gefe. Sannan itatuwanmu masu tauri, ƙirya da kanya da maɗobiya, suna cin bakin kurfi da wuri. Kurfi in ya dakushe sai ka riƙa dannawa, dannawar kuma ita ke tura sanda. Ka wasa shi, ka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Samfefa ma in ka daɗe kana dannawa, ta fi cin wuri mai laushi, biro ya fito kamar ƙwai.

To, in an bi duk wannan reza ba ta tsaya ba fa? Kama bakin inji ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ne ya ci, a canja shi. In kuwa wutsiya ce ta yi ƙasa, yankin gwangwanin lemo a ƙarƙashinta kan ɗaga ta, kuma gobe kana iya cire shi. Ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa, walda kuma zafinta murɗe gado yake yi.

An kawo inji ɗaya yana nan waje. In an tashi, masu koyo ku same ni can, kowa ya sa reza da hannunsa.