Wa'azi a kan ciki da rantsuwa

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani a shekarar 2002 alƙalin Bakori ya yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa, don ta haihu ba aure. Namijin da ta ambata ya musa, ya rantse, aka sallame shi, gama babu shaidu huɗu. Ciki yana tona asirin mace, namiji kuwa ba shi da alama. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta warware hukuncin, domin a mazhabar Maliku ciki yakan kwanta shekaru, a jingina shi ga tsohon miji. Ni ina ji wa alƙalin da ya san haddi bai san shubuha ba tsoro. Ku karance babi kafin ku yi fatawa. Allah ya sa mu dace, amin.