Tumbi Ba Alamar Arziki Ba Ne
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na tsofaffin ɗalibai)



Ina da shekara 34 likita a Sakkwato ya auna jinina da safe kafin in karya kumallo, ya ga 118. Ya ce mini daga 126 ake kiransa ciwon sukari, wato ina bakin ƙofa. Ban ji ciwon komai ba, abokai ma barka suke yi mini da tumbi.

Ku tuna yadda muka tashi a Tambuwal da Kebbe. Da ƙafa muke zuwa makaranta, mu jawo ruwa a rijiya, da damina mu ɗauki fartanya. Abincinmu tuwon gero ko dawa, fura da nono, kwaɗon zogale. Yau ko masallaci sai a kan kabu-kabu, a wuni zaune a ofis ko majalisa ana latsa waya, ana shan shayi mai zaƙi da lemon kwalba, ga farar shinkafa da taliya.

Tsokar jiki ita ke cinye yawancin sukarin da ke cikin jini. In ba ta aiki, kitse kuma ya taru a ciki, sai jiki ya daina jin maganar sinadarin insulin, sukari ya taru a jini. A hankali yake lalata ido, ƙoda da jijiyoyin ƙafa, sau da yawa tare da hawan jini.

Amma akwai mafita. Binciken da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu irin halina da suka rage ƙiba, suka riƙa motsa jiki, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, gishiri kuma kada ya kai giram 5 a rana.

Ni dai tafiya nake yi ta rabin awa bayan sallar asuba, na bar lemon kwalba, fura kuma ba na sa mata sukari. Alhamdu lillahi, awona ya sauko.

Roƙona ga ƙannenmu shi ne kowa ya je a auna masa sukari da hawan jini kafin taro mai zuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu lafiya.