Lacca A Kan Kiwon Damo

Jama'a, maganarmu ta yau a kan damo ce. Da zarar damina ta zauna, daga Bichi har Dambatta, yara su kan kama 'ya'yan damo a gindin suri, su ɗaura musu igiya a ƙugu, su ja su gida. Su ce za su yi kiwo. Kafin kasuwa biyu ta ci sai a ga an yar da mushe bayan danga. To, bari mu duba dalili.

Ba a ƙasarmu kaɗai a ke sha'awar irin wannan kiwo ba. A ƙasashen kudu da Amurka akwai wani babban ƙadangare kore, sunansa iguwana. Ganye da fure da 'ya'yan itace ya ke ci. Mutanen Amurka su kan saye shi yana ɗan ƙarami, ba su san zai kai ƙafa 5 ko 6 ba, ya kuma yi shekara 15 ko fiye a raye. Waɗansu da suka gaji suka sake nasu. A jihar Filorida ya hayayyafa, yana cinye shuke-shuke, yana haƙa ramuka a bakin magudanan ruwa, har a 2021 hukuma ta hana sayar da shi don kiwon gida. Damonmu ma 'yan kasuwa na fitar da dubbai daga Gana da Togo da Binin zuwa Turai da Amurka. Can a kan ɗura masa ɓeraye, kitse ya kashe shi.

Damo kuwa ba shi cin ganye, balle tuwo ko dusa. Abincinsa fara, da gyare, da buzuzu, da ƙadandoniya, da katantanwa, har kunama. Ku lura da wannan. Nan wajenmu gona ta haɗe da gona, daji ya ƙare, sai 'yan kukoki da gawo da suri. Damon da ya rage a tsakanin gero da wake, ƙwarin da ke cin amfaninmu su ya ke bi, ba a biyansa ko anini. Mu a ganinmu ya fi amfani a can.

Amma yaro yaro ne. In ya nace, kuma uba ya yarda, sai a yi abin yadda ya kamata.

Da fari a kwance igiyar nan. Ita ke yanka fata, ƙudaje su bi, gyambo ya kama. A gina masa ɗan shinge na laka wanda ya kai ƙugun babban mutum, a shafe cikinsa sumul, a rufe sama da waya, gama damo gwanin hawa ne, gwanin haƙa kuma. Gefe ɗaya rana, gefe ɗaya inuwa. Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa kamar na akuya. Sai ya sha hantsi kana ya iya narka abinci, in rana ta take kuma ya nemi mafaka. Tsohon tulu da ya fashe, a kife shi, ya isa ɗaki. A sa ruwa a kasko, a sāke kullum. Ƙwari kuwa yaron ne zai nemo, amma ban da na gonar da aka yi wa feshi.

An ce damo sarkin haƙuri. Kada wannan ya ruɗe ku. In an matsa masa ya kan kumbura ya yi huci, ya yi bulala da wutsiya, in ya kama yatsa kuwa ba ya saki da wuri. Kuma a kashinsa akwai ƙwayar cuta mai suna salmonela, mai kawo gudawa da zazzaɓi. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a kwano. Kada a wanke kaskonsa kusa da randa. Yaron da bai kai shekara 5 ba kada ya taɓa shi ko kaɗan.

Saura abu ɗaya. Da rani damo ya kan shige rami ko kogon itace, ya yi watanni ba ci, yana rayuwa da kitsen da ya tara da damina. Wannan ba mu iya yi masa a cikin shinge. Saboda haka kafin a gama yankan gero, tun da sauran fara a gona, uba ya raka yaron su mai da shi gindin surin da aka kama shi.