Dare Ɗaya a Sutherland: Ɗalibai a Gaban Madubin Taurari



Daga birnin Cape Town zuwa Sutherland tafiyar kusan awa huɗu ce a mota, kuma ɗaliban da makarantu ke kaiwa can sukan fara ɗaukar darasi tun ba su sauka ba. Gari na ƙarewa sai fili fetal na yankin Karoo, babu hayaƙi, babu fitilun titi, ga iska busasshiya kamar ta hunturu. Duhun nan masana suka biyo a farkon shekarun 1970, suka kafa na'urorinsu a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,800, domin hasken birni ya riga ya dusashe sararin tsohuwar cibiyarsu ta Cape Town, wadda aka kafa tun 1820.

Da rana ake shigar da baƙi wurin SALT, babbar na'urar hangen nesa da aka ƙaddamar a 2005. Madubinta ya kai faɗin mita 11, amma ba falle ɗaya ba ne: ƙananan madubai 91 ne masu kusurwa shida, an jera su kamar saƙar zuma. Yaro yakan zagaya yana neman kafar da zai leƙa, sai ya tarar babu. Ba a sa ido a SALT. Hasken tauraro take tattarawa ta miƙa wa wasu na'urori su rarrabe shi launi-launi, daga nan kwamfuta ta nuna sinadaran da ke jikin tauraron, da zafinsa, da ko matsowa yake yi ko nisanta. Duk ɗalibin da ya fahimci wannan, kuɗin motarsa bai tafi a banza ba.

Akwai kuma wani abin da ke ɗaure wa yara kai. Na'urar ba ta ɗaga kai, ba ta sunkuyawa. A karkace aka girke ta, sai dai ta juya hagu ko dama ta jira juyawar duniya ta kawo mata tauraron da ake nema. An yi haka ne don rage tsadar gini, amma ga malami wannan dama ce babba: zancen nan na "duniya tana juyawa" da aka haddace a aji, ga shi ana tsara aikin dare da shi.

In duhu ya yi, sai a koma ga ƙananan na'urorin da aka tanada don baƙi. Sanyin garin ba na wasa ba ne, har ƙanƙara takan sauka. A kashe waya, a kashe tocila, domin ido na buƙatar kusan rabin awa kafin ya saba da duhu. Sannan a bi layi. Wannan ya ga zoben da ya kewaye Zuhalu, wancan ya ga Alpha Centauri, wanda haskensa ya shafe fiye da shekara huɗu a hanya. Idan lokacin fitowar Kaza da 'Ya'yanta ne, ido tsirara shida ko bakwai yake ƙirgawa, madubi kuwa ya nuna gommai.

Abin takaici, wasu malamai kan ɓata wannan dare da takardun tambayoyi, yara na duƙe suna cikewa alhali sama na buɗe. Malamin da ya san aikinsa tun mako biyu kafin tafiya yake sa kowane ɗalibi ya riƙa zana siffar wata kullum, ya rubuta ranar da inda ya gan shi, ya taho da littafin a jakarsa.