ƘYANDA DA HAƘƘIN MAƘWABCI: JAWABI GA 'YAN'UWA NA KARARE

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi na Karare da kewayen Batsari da Safana, kowannenmu ya san ƙyanda. Takan shigo gari da rani, ta bi gida gida, musamman inda tashin hankali ya tara jama'a a ɗaki guda. Ƙwayarta kan zauna a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita. A cikin yara 1,000 da ta kama, kusan ɗaya takan kumbura masa ƙwaƙwalwa, ya kurumce ko ya rasu.

To, akwai wasu bayin Allah da lamarinsu ya fi wannan tsanani: yara masu sankarar jini, waɗanda iyayensu ke jigila da su zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina ko na Shika a Zariya. Ciwon da maganinsa duk suna karya garkuwar jiki. Idan ƙyanda ta kama irin wannan yaro, wani lokaci ko ƙuraje ba sa fitowa. Sai ƙwayar ta laɓe a ƙwaƙwalwa, bayan wasu watanni hannu ko fuska ta kama fizga ba tsayawa, hankali ya gushe. Mafi yawansu ba sa tashi, kuma har yau likitoci ba su da tabbataccen magani.

A nan muke jan kunne. Wannan fizga ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Wanda ya kai yaro wurin boka ya taɓa imaninsa, ya kuma ɓata lokacin asibiti.

Shin me ya hana a yi wa yaron allurar rigakafi? Domin allurar ƙyanda ƙwaya ce mai rai da aka raunana, ba a yi wa wanda ke kan maganin sankara. Katangarsa ita ce 'ya'yanmu masu lafiya. Masana sun ce sai an yi wa kashi 95 cikin 100 na yara kafin cutar ta rasa hanya. Saboda haka uban da ya ɓoye ɗansa, ɗan maƙwabcinsa ya buɗe wa ƙofar cuta.

Mun ga abin da jita-jita ta jawo a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano: cutar ta tsallaka ƙasashen da suka rabu da ita. Sayyidina Umar (R.A.) kuwa, da ya sami labarin annoba a Sham, juyawa ya yi zuwa Madina bayan shawara da sahabbai. Wa ya fi shi tawakkali a cikinmu?

Don haka mu kai yara allura a wata 9, mu koma ta biyu a wata 15. Mai zazzaɓi da ƙuraje kada a kai shi makarantar Islamiyya ko gidan suna. Idan mai sankara ya cuɗanya da mai ƙyanda, a sanar da likitansa a ranar, kada a jira alama.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya. Wassalamu alaikum.