Zazzaɓin Da Ya Ƙi Jin Magani: Asibiti Ko Gidan Boka?



Ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa akan kwantar da mutum a asibiti da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ga gumin dare, ga ciwon gaɓoɓi, ga rama. An yi maganin cizon sauro, an yi na taifot, babu sauƙi. A nan ne Shaiɗan yake samun ƙofa. Sai dangi su fara raɗe-raɗin jifa ko sammu, su ɗauke majinyaci su kai shi wurin boka, a yi biyu babu: ba lafiya, ba tauhidi.

Ku sani, akwai ƙwayoyin cuta masu shiga jini waɗanda ba kasafai ake tuna su ba. Daga cikinsu akwai burusela, wadda David Bruce, likitan sojan Birtaniya, ya gano a tsibirin Malta a 1887. A 1905 aka tabbatar cewa madarar awaki ce take yaɗa ta a can. Ita ce take sa shanu ɓari, ciwon da makiyayanmu suke kira bakkale. Takan kama mutum idan ya sha madarar da ba a tafasa ba, ko ya taɓa mahaifar dabba da hannu. Saboda haka makiyaya da mahauta su ne a sahun gaba.

Hanyar gano ta ita ce a ɗebi jini a zuba a wata kwalba ta musamman, a ajiye a ɗakin gwaji har ƙwayar ta hayayyafa a gane ta. Yawancin ƙwayoyi kan bayyana cikin kwana ɗaya ko biyu, amma wannan tana da nawa, takan kai mako guda ko fiye. Jinkirin ba sakacin likita ba ne, yana bukatar haƙuri.

Haƙƙoƙi uku ne a wuyan majinyaci da masu jinyarsa. Na farko, a gaya wa likita gaskiyar sana'ar mutum da abin da yake sha, domin da wannan ne zai yi zaton cutar, ya kuma gargaɗi ma'aikatan ɗakin gwaji, don takan kama su. Na biyu, kada a sha kafso daga kemis kafin a ɗebi jini, domin yakan hana ƙwayar bayyana. Idan an riga an sha, a faɗa. Na uku, a kammala magani. Akan haɗa magani biyu, kamar doksisaikilin da rifamfisin, na aƙalla mako 6. Masu juna biyu da ƙananan yara nasu daban ne. Wanda ya yanke don ya ji sauƙi, cutar takan dawo, tana iya zama a ƙashin baya ko a zuciya, ta zuciyar kuwa ita ce ta fi kisa.

'Yan'uwa, neman magani Sunna ne, riƙo da sababi kuma ba ya warware tawakkali. Mu yi addu'a a bakin gadon majinyacinmu, mu bar shi a hannun masana, mu tafasa madara a gidajenmu, muna masu sakankancewa cewa Allah ne mai warkarwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana imaninmu.