Idan Wanda Muke Girmamawa Ne Ya Yi Ɓarnar

Maganar yau tana da nauyi, na daɗe ina kauce mata.

Ni dai na taso ina sauraron wa'azin Ravi Zacharias. Haifaffen Indiya ne, ya zauna a Amurka, ya kafa ƙungiyar RZIM a 1984. In ya tsaya gaban ɗaliban jami'a yana amsa tambayoyi kan bangaskiya, sai ka ji kamar kai ma ka ƙara tsawo. Da ya rasu a watan Mayun 2020, har mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Mike Pence, ya yi jawabi a taron tunawa da shi.

To amma a 2017 wata mata 'yar Kanada ta riga ta yi magana. Ta ce ya yi amfani da matsayinsa ya ja ta cikin lalata ta waya. Me ya biyo baya? Shi ya maka ta a kotu, aka sasanta da sharaɗin ta yi shiru. Ƙungiyarsa ta tsaya bayansa. Ni ma, gaskiya, na ce sharrin maƙiya ne kawai. Ban taɓa tambayar kaina halin da take ciki ba.

Bayan rasuwarsa wasu matan suka fito. Ƙungiyar ta ɗauki lauyoyi daga waje su bincika, rahoto ya fito a Fabrairun 2021. Ya tabbatar da cewa ya ci zarafin mata masu aikin tausa, aka kuma sami hotunan mata fiye da 200 a wayoyinsa. Shugabannin ƙungiyar suka nemi gafara, cocinsa ta janye naɗin da ta yi masa, kamfanin HarperCollins ya daina buga littattafansa.

Abin da ke damuna shi ne shekaru huɗun nan. Matar ta faɗi gaskiya tun 2017, aka ƙaryata ta saboda sunansa ya fi nata girma. Mu kan ce a rufa asiri don kada sunan Ubangiji ya ɓaci. Asirin wa ake rufawa? Annabi Natan bai rufa wa Sarki Dauda asiri ba, gabansa ya je ya faɗa masa laifinsa.

Don haka 'yan'uwa, in wata ta kawo kuka kan fasto ko dattijo, a fara sauraronta. Kada abokan wanda ake zargi su zama masu bincike, a nemo na waje. In laifin ya shafi doka, a kai ga hukuma. Kada kuma a tilasta mata yafiya kafin a ji ta.

Har yanzu littafinsa ɗaya na nan a ɗakina, ban san yadda zan yi da shi ba. Ku fa, me kuka yi da naku? Ku rubuto mini. Sai mako mai zuwa, Ubangiji ya kiyaye mu.